Darasin Kimiyya: Yadda Za Mu Bincika Hotunan Taurari da Kanmu

Darasinmu na wannan fitowa a kan hotunan sararin samaniya ne, irin waɗanda ake turo mana a WhatsApp da Facebook, masu launin ja da shuɗi da ruwan zinare. Wasu in sun gani sai su ce ai zanen Turawa ne kawai. Wasu kuma duk abin da aka turo musu sai su gaskata, su tura gaba. Abu ɗaya ne ya haɗa su duka: ba su san yadda ake samar da hoton ba, kuma ba su san cewa za su iya bincikawa da kansu ba.

Akwai manhajoji na kyauta da masana taurari suke aiki da su kullum. Ɗalibin da ke Kafur ko Masari ko Gozaki yana da damar buɗe su kamar yadda farfesa a Amurka yake buɗewa. Za mu yi bayanin uku daga cikinsu. Tun da wuri mu faɗa, abin da muke magana a kai shi ne ilimin falaki, wato awon tafiyar rana da wata da taurari. Ba ruwansa da duba ko bokanci.

Mene ne hoton taurari?

Ku tuna da takardar giraf ta darasin lissafi, mai ƙananan gidaje. A ce an shimfiɗa babbar irinta a tsakar gida, an ɗora ƙaramin kwano a kowane gida, aka yi ruwan sama. Bayan an ɗauke ruwan sai a auna abin da kowane kwano ya tara, a rubuta lambar a gidansa. Haka kyamarar madubin hangen nesa take aiki, sai dai ita haske take tarawa. Tana da miliyoyin gidaje, kuma ana iya barin ta a buɗe na mintuna ko sa'o'i tana tara hasken da ya yi wa idonmu rauni. Idonmu ba ya iya wannan tarin, shi ya sa na'ura take ganin abin da ba ma gani.

Saboda haka abin da yake fitowa daga madubin hangen nesa jadawalin lambobi ne. Inda tauraro yake, lambar tana da girma. Inda duhu yake, lambar ƙarama ce. Aiki da jadawalin lambobi kuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Katsina. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kishnawi, wato Bakatsine, masanin lissafi da falaki, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 a kan hatimin lissafi, jadawalin da kowane layinsa yake ba da jimilla ɗaya ko ta ina aka haɗa. Ya rasu a Alƙahira a 1741.

Masana taurari suna adana jadawalinsu a wani nau'in fayil da ake kira FITS, wanda aka wallafa ƙa'idojinsa a 1981. Kowane fayil yana da bayani a samansa, kamar takardar da ake liƙa wa buhun ingantaccen iri: wace na'ura ce ta ɗauki hoton, a wace rana, daƙiƙa nawa kyamarar ta yi a buɗe, kuma wane sashen sama ta fuskanta. Wannan bayanin shi ne shaidar hoton. Hoton da aka turo a WhatsApp ba ya ɗauke da shi.

Daga ina launukan suke zuwa?

Kyamarorin manyan madubai ba sa ɗaukar launi. Ana sa musu matata a gaba, wadda take aiki kamar rariya: ta bar wani nau'in haske ya wuce, ta tare sauran. A ɗauki hoto da matata ta farko, a canza, a sake ɗauka. Kowane hoto baƙi da fari ne. Daga baya sai a ba ɗaya ja, ɗaya kore, ɗaya shuɗi, a haɗe su.

Ga misali. A 1995 madubin Hubble, wanda aka harba sama a 1990, ya ɗauki sanannen hoton nan na wasu ginshiƙan iska da ƙura a cikin gajimaren da ake kira M16. A wannan hoto an ba hasken haidurojin launin kore, hasken farar wuta ja, hasken oksijin kuma shuɗi. Wanda ya san wannan, in ya kalli hoton yana karanta inda kowane sinadari yake, kamar yadda muke karanta taswira a darasin jogirafi, inda ake shafa wa tudu launi ɗaya, kwari wani launin.

Madubin James Webb, wanda aka harba ranar 25 ga Disamba 2021, yana can nesa da mu da kusan kilomita miliyan 1.5. Yawancin hasken da yake tarawa shi ne infared, wanda idon ɗan Adam ba ya gani sam. Dole ne a ara masa launukan da muke gani kafin mu iya kallonsa. Don haka mai cewa an shafa wa hoton launi ya faɗi gaskiya. Mai cewa hoton ƙarya ne saboda haka, shi ne ya yi kuskure, domin lambobin da ke ƙarƙashin launin awo ne na haƙiƙa.

Manhaja ta farko: Stellarium

Wani Bafaranshe mai suna Fabien Chéreau ne ya fara rubuta ta a 2001. Aikinta shi ne ta lissafa yadda sama take a kowane wuri da kowane lokaci, ta zana mana. Ana samun ta a kwamfuta da waya, kuma ta kwamfuta in an riga an sauke ta ba ta buƙatar intanet.

Abu na farko shi ne a gaya mata inda muke. In ba a ga Kafur a jerin garuruwa ba, a zaɓi gari mafi kusa, ko a shigar da lambobin nan: digiri 11.6 arewa, digiri 7.7 gabas. Daga nan za ku ga wata falala da muke da ita. Saboda kusancinmu da layin da ya raba duniya biyu, muna ganin taurarin arewa da mafi yawan na kudu. Tauraron arewa, Polaris, yana tsaye kamar digiri 12 sama da doron ƙasa. Taurari huɗun nan na kudu da ake kira Crux kuma suna leƙowa ƙasa-ƙasa ta kudu da daddare a watannin Afrilu da Mayu. Ɗalibin da ke Landan ba zai taɓa ganinsu daga garinsu ba.

Ku nemi Kaza da 'Ya'yanta, wadda malamai suke kira Surayya. A manhajar lambarta M45. Ku riƙa tura kwanan wata gaba. Za ku ga tana tsakiyar sama da farkon dare a lokacin sanyi, tana gangarawa yamma a bazara, ta ɓace cikin hasken rana a watan Mayu, sannan ta sake bayyana ta gabas da asuba a watan Yuni. Wannan ya zo daidai da faɗuwar damina a yankinmu. Ba mamaki ke nan da kakanninmu manoma suke lura da taurari. Malamai ma suna da lissafin taurari 28 na shekara, irin su Haƙa'a da Hana'a da Zira'a, kowanne kwana 13 in ban da guda ɗaya mai 14. Ku haɗa ku gani: 27 sau 13, a ƙara 14, ya ba da 365.

Sai kuma gwajin da ya fi ba mu sha'awa. Ku mayar da kwanan wata zuwa Laraba, 29 ga Maris 2006, ku fara daga ƙarfe 9 na safe, ku riƙa tura lokaci a hankali kuna kallon rana. Za ku ga wata yana shiga gabanta. A wannan safiya aka yi husufin rana wanda inuwarsa ta ratsa Najeriya daga jihar Oyo, ta biyo ta Zamfara da Katsina, ta shiga Nijar. Iyayenmu da malamanmu da yawa sun shaida shi. Manhajar ba ta ajiye bidiyon ranar ba, lissafi ta yi ta gano. Da irin wannan lissafin aka san cewa ranar 20 ga Maris 2034, in Allah ya kai mu, wani cikakken husufin zai ratsa kudancin Najeriya, mu kuma a nan za mu ga an rufe wani ɓangare na ranar.

Manhajar tana iya nuna inda jinjirin wata zai tsaya bayan faɗuwar rana, ta taimaka wa mai nema ya san inda zai duba. Sanar da kamawar wata kuwa haƙƙin Mai Alfarma Sarkin Musulmi ne da kwamitinsa.

Manhaja ta biyu: Aladin

Stellarium zane take yi. Aladin kuwa hotuna na gaske take nunawa. Cibiyar adana bayanan taurari da ke birnin Strasbourg a Faransa ce ta samar da ita. Akwai ƙaramarta mai suna Aladin Lite wadda ake buɗewa kai tsaye a intanet ba tare da an sauke komai ba, ko da a waya ne. An ɗinke hotunan sama gaba ɗaya wuri guda, kana iya ja hagu ko dama, ka matso ko ka ja da baya.

A gurbin nema ku rubuta M45. Ido yana ganin 'ya'yan Kaza shida ko bakwai, amma taurarin wannan rukuni sun haura 1,000. Nisansu kusan shekarar haske 440 ne. Shekarar haske ita ce nisan da haske yake ci a shekara guda, yana gudun kilomita 300,000 a kowace daƙiƙa. Wato hasken Kaza da zai shiga idonmu daren yau ya baro gida tun kafin a haifi al-Kishnawi.

Sannan ku rubuta M42, wani gajimare da ake haifar sababbin taurari a cikinsa. Ku fara kallonsa a rukunin hotunan DSS, na hasken da ido ke gani. Sai ku canza zuwa 2MASS, na infared. Taurarin da ƙura ta lulluɓe a hoton farko za su fito fili a na biyu, domin infared yana ratsa ƙura fiye da hasken da muka saba da shi. Wuri ɗaya ne, awo biyu. Daga ƙarshe ku rubuta M31, wani garken taurari mai nisan shekarar haske miliyan 2.5. A dare mai duhu ana iya hango shi da ido kamar ɗan farin tabo.

Manhaja ta uku: SAOImage DS9

Wannan ita ce ta ƙwararru. Cibiyar binciken taurari ta Smithsonian a Amurka ce take kula da ita, kuma kyauta ce. Da ita ake buɗe fayil ɗin FITS, a ga lambobin da kansu. Duk inda ka kai kibiyar kwamfuta a kan hoton, za ta nuna maka lambar wannan gida da matsayinsa a sama.

Wanda ya buɗe fayil karo na farko yakan ga allo baƙi ƙirin da ɗigo biyu ko uku, ya ɗauka fayil ɗin ya lalace. Ga dalili. Lambobin kyamara suna iya kaiwa 65,535, allon kwamfuta kuwa matakai 256 kawai yake nunawa daga baƙi zuwa fari. A ce tauraro mai haske lambarsa 60,000, wani siririn gajimare 300, duhun sama kuma 200. In aka raba 60,000 gida 256, kowane mataki zai ci kusan 234. To 200 da 300 sun faɗa matakai biyu na can ƙasa, duka baƙi a ido. Kamar sikelin auna buhun masara ne a kasuwa, ba ya jin bambancin ƙwaya goma da ƙwaya ashirin. Maganin shi ne a je wurin da aka rubuta Scale a zaɓi log. Wannan yana ba ƙananan lambobi fili mai yawa, sai gajimaren ya bayyana. Ba a ƙara komai a hoton ba, dama yana ciki.

DS9 tana kuma da wani aiki mai suna Blink. Ana ɗora hotuna biyu na wuri ɗaya da aka ɗauka a lokuta dabam, ta riƙa nuna su bi da bi da sauri. Taurari suna tsaye a wurarensu. Duk abin da ya yi tsalle, to wani abu ne mai tafiya kusa da mu.

Ina ake samun fayilolin? Bayanan Hubble da James Webb suna a wata ma'ajiya mai suna MAST a birnin Baltimore. Masanin da ya nemi a ɗauki hoto ana ba shi ɗan lokaci shi kaɗai, yawanci bai wuce shekara ba, daga nan kowa yana iya saukewa.

Me masu duba hoto suka gano?

Clyde Tombaugh ɗan manoma ne a jihar Kansas ta Amurka. Ƙanƙara ta lalata amfanin gonarsu, kuɗin shiga jami'a ya gagara. Ya ci gaba da ƙera madubinsa a gida yana zana abin da ya gani, har cibiyar Lowell da ke Arizona ta ɗauke shi aiki. Aikinsa shi ne gwada hotuna biyu-biyu da na'ura, irin abin da Blink take yi yanzu. Ranar 18 ga Fabrairu 1930, yana ɗan shekara 24, ya ga wani ɗigo ya yi tsalle tsakanin hoton 23 ga Janairu da na 29 ga wata. Wannan ɗigon shi ne Pluto.

A 2007 wata malamar makaranta a ƙasar Holan, Hanny van Arkel, tana taimakawa a wani shiri mai suna Galaxy Zoo, inda jama'a suke rarrabe hotunan garken taurari. Ta ga wani baƙon tabo kusa da garken IC 2497, ta tambaya mene ne. Masana suka bincika, daga baya har aka juya Hubble ya kalle shi. Har yau da sunanta ake kiran abin.

Akwai kuma shirin IASC da aka kafa a 2006 a jihar Texas. Ana tura wa rukunonin ɗalibai sababbin hotuna daga madubin Pan-STARRS da ke Hawai, su duba da manhajar Astrometrica ko za su ga duwatsun da ke yawo a sararin samaniya. Shiga kyauta ne, kuma ɗalibai daga ƙasashen Afirka suna shiga. Abin da ake buƙata shi ne kwamfuta mai Windows, da intanet, da malamin da zai jagoranta. Muna miƙa wannan ga malamanmu na fiziks da kwamfuta.

Kafin ka tura hoto gaba

A 2022 wani masanin fiziks na Faransa, Étienne Klein, ya sa hoton wani jan abu mai zagaye a Twitter, ya ce James Webb ne ya ɗauko tauraron Proxima Centauri. Mutane da yawa suka gaskata suka yaɗa. Daga baya ya bayyana cewa yankakken sosej ne, kuma ya yi haka ne don ya ja kunnen masu saurin yarda. Yanzu da kwamfuta take iya ƙirƙiro hoto cikin daƙiƙoƙi, abin ya ƙara yawa.

In an turo maka hoton sama, ka yi waɗannan tambayoyi. Wace na'ura ce ta ɗauka, kuma yaushe? Mene ne sunan abin ko lambarsa? Hoto ne ko zanen mai zane? In akwai suna, rubuta shi a Aladin ka gwada. Ga wata alama kuma: taurari masu haske a hoton Hubble suna da tsinke huɗu, a na James Webb manya shida da ƙanana biyu. Tsinkayen daga ƙirar madubin suke, ba daga tauraron ba. Hoton da ba shi da suna, ba kwanan wata, ba a faɗi na'urar da ta ɗauka ba, ka bar shi ya tsaya a wayarka.

Wuta da data fa?

Mun san halin da ake ciki. Wuta ba kullum ba, data da tsada, kwamfuta kuma ba kowa ke da ita ba. Amma mutum ɗaya zai iya sauke Stellarium da DS9 sau ɗaya, a kwafa a filash, a zuba a sauran kwamfutoci. Waya ɗaya ta ishi mutum biyar su duba Aladin Lite. Ƙarancin fitilu a ƙauyukanmu ya sa samanmu ya fi na Kano ko Kaduna duhu, kuma duhu shi mai kallon taurari yake nema. Lokacin da ya fi kyau shi ne kaka, bayan ruwa ya wanke sama, kafin hazo ya sauko. A yi kallon a cikin gida ko harabar makaranta, da sanin iyaye ko malamai. Kada kowa ya kalli rana kai tsaye, ko da ido ko da madubi, ko a ranar husufi, domin tana iya makantar da mutum.

Mai son ya yi nisa a wannan fanni, hanyar ta lissafi ce da fiziks da kwamfuta. Najeriya tana da hukumar binciken sararin samaniya, NASRDA, tun 1999, kuma tana da cibiyar nazarin taurari a Nsukka. Ana karanta fiziks a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina. A Afirka ta Kudu kuma an buɗe MeerKAT a 2018, mai faifai 64 masu kama saƙon rediyo daga sama, kuma duk abin da suke tarowa sai an sami masu dubawa.

Aikin gida

1. Nisan wata daga duniya kusan kilomita 384,000 ne. Daƙiƙa nawa haskensa yake yi kafin ya iso gare mu?

2. Ku zana jadawali mai gida 5 a tsaye, 5 a kwance. Ku sa 90 a gidan tsakiya, 40 a gidaje takwas da suka kewaye shi, 5 a sauran. Ku shafe gidajen da fensir, ƙaramar lamba ta fi baƙi. Me ya fito?

3. Ku tambayi wanda ya shaida husufin 2006 a gidanku: ina yake a lokacin, kuma me ya gani? Ku gwada amsarsa da abin da Stellarium ta nuna.

4. Ku tambayi kakanni sunayen taurari da Hausa ko Fulatanci, da abin da kowanne yake nunawa game da shuka ko girbi. Ku rubuta sunan tauraron, da wajen da yake fitowa, da lokacinsa.

A rubuta amsa da suna da aji, a miƙa wa kowane ɗan ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Juma'a. Amsoshin da suka fi kyau za mu liƙa su a wannan allo, sunayen taurarin da aka tattaro kuma za mu haɗa su jeri guda a fitowa ta gaba.